Tsautsayi ko sakaci? Yaro, bindigar gida da alhakin manya a Amurka

Harshen Hausa bai zuba dukan ɓarna cikin ƙwarya guda ba. Akwai tsautsayi, wanda ke faɗo wa mutum ba tare da ya hango shi ba, kamar tsawa ta sauka kan rumbu. Akwai kuskure, wato mutum ya nufi wani abu ya sami wani, kamar maharbin da ya auna gada, kibiya ta kauce ta sami abokin farautarsa. Akwai sakaci, wato barin abin da aka san ya kamata a yi. Sannan akwai ganganci, inda mutum ke ganin rami da idonsa ya jefa ƙafa. Kowace kalma cikin huɗun nan tana tafe da hukuncinta. Wanda tsautsayi ya afka wa jaje ake yi masa. Mai kuskure yakan biya a yafe masa. Mai sakaci a tuhume shi. Mai ganganci kuwa a hora shi.

To, in yaro ɗan shekara uku ya laluba ƙarƙashin matashin kan ubansa, ya zaro bindiga a ɗure, ya matsa kunama, harsashi ya sami ƙanwarsa, wace kalma ce ta dace? A ƙasar Amurka da wuya mako ya wuce ba a yi wannan tambaya a wani gida ba, kuma amsar da aka ba ta ita ce ke raba masu son a kafa dokar ajiye bindiga da masu ƙin ta. A zahiri muhawarar tasu ta siyasa ce, amma ƙarƙashinta akwai tsohuwar matsala ta falsafa: shin mutum na ɗaukar alhakin abin da bai nufa ba, bai kuma aikata da hannunsa ba?

Abin da ke faruwa cikin gidaje

Ran 30 ga watan Afrilu na shekara ta 2013, a wani ƙauye na jahar Kentaki, yaro ɗan shekara 5 ya harbe ƙanwarsa ƴar shekara 2. Bindigar tasa ce, kyauta aka yi masa. Samfurin Crickett ce, ƴar ƙarama da ake ƙerawa domin yara, har da masu launi iri-iri. Tana jingine a kusurwar ɗaki, mutanen gidan ba su san akwai harsashi ɗaya da ya rage a ciki ba, uwar kuwa ta ɗan leƙa waje ne na ƴan mintoci. Hukuma ta ɗauki abin a matsayin hatsari. Ran 30 ga watan Disamba na 2014, cikin wani babban kanti a garin Hayden na jahar Aidaho, yaro ɗan shekara 2 da ke zaune cikin keken sayayya ya zuge aljihun jakar uwarsa, ya sami ƙaramar bindiga, ya harbe ta har lahira. Matar ƴar shekara 29 ce, masaniyar kimiyya, tana da izinin yawo da makami, jakar ma an ɗinka ta ne musamman domin ɗaukar bindiga. Ba jahilci ya kawo wannan ba, ba kuma rashin son ɗa ba.

Alƙaluma sun nuna cewa labaran nan biyu suna da ƴan'uwa da yawa. A 2023 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, wato CDC, ta fitar da nazari kan yara 1,262 ƴan ƙasa da shekara 18 da harbin da ba a nufa ba ya kashe daga 2003 zuwa 2021, a jahohin da ke cikin tsarin ƙirgarta. Fiye da rubu'insu ba su wuce shekara 5 ba. Mafi yawan mace-macen cikin gida suka faru, fiye da rabi a gidan yaron kansa. Inda aka san yadda aka ajiye makamin, wajen uku cikin huɗu a ɗure yake, ba a kuma kulle ba, kuma wurin da aka fi ɗauko shi shi ne gefen gado. Wani binciken na 2021 ya ƙiyasta cewa yara kimanin miliyan 4.6 ne ke zaune cikin gidan da ke da bindiga a ɗure ba kulle. Hasali ma lissafin hukuma yakan gaza: a 2013 jaridar New York Times ta bi takardun mutuwa a wasu jahohi, ta gano cewa irin wannan harbi ya kai wajen ninki biyu na abin da aka rubuta, domin sau da yawa in wani ya harbi wani, likitan gawa yakan rubuta kisan kai ko da ɗan yaye ne ya matsa kunama.

Wajibi ne a ajiye waɗannan alƙaluma a matsayinsu. A 2020 harbin bindiga ya zarce hatsarin mota, ya zama abin da ya fi kashe ƴan shekara 1 zuwa 19 a Amurka, amma galibin wannan kisan gilla ne da kashe kai. Harbin ƙananan yara ɗan yanki ne a ciki. Abin da ya ware shi shi ne babu mugu a cikinsa. Ba ɓarawo, ba maƙiyi, ba mai taɓin hankali; yaro ne da abin da babba ya ajiye.

Me ya sa jan kunne bai isa ba

Amsar farko da masu ƙin doka ke bayarwa ita ce tarbiyya. Tun 1988 babbar ƙungiyar masu bindiga ta ƙasar, NRA, take da wani shiri na makarantu mai suna Eddie Eagle, inda ake koya wa yaro abu huɗu in ya ga bindiga: ya tsaya, kada ya taɓa, ya bar wurin, ya gaya wa babba. Nasiha ce mai kyau, kuma babu malamin da zai raina ta. Sai dai kowane malami ya san tazarar da ke tsakanin yaron da ya haddace darasi da yaron da ya yi aiki da shi lokacin da ba kowa a kansa.

An gwada wannan tazara. A 2001 mujallar likitocin yara mai suna Pediatrics ta buga sakamakon wani gwaji da aka yi a birnin Atlanta. An saka yara maza 64, ƴan shekara 8 zuwa 12, rukuni-rukuni cikin wani ɗaki da aka ɓoye bindigar gaske a aljihun tebur, an cire mata abin da zai sa ta tashi, ana kuma kallonsu ta bayan gilashi. Cikin rukuni 29, rukuni 21 suka gano ta. 16 suka ɗauke ta a hannu. A cikin 10 wani ya matsa kunama. Fiye da kashi 90 bisa ɗari na waɗanda suka taɓa ta sun ce an taɓa ja musu kunne game da bindiga. In haka ƴan shekara 10 suka yi, me za a ce da ɗan shekara 3, wanda bai ma gane cewa wanda ya mutu ba ya tashi ba? Ƙarfin yatsa ma ba kariya ba ne. Wani nazari na 1995 ya nuna cewa rubu'in yara ƴan shekara 3 zuwa 4, da kashi 70 bisa ɗari na ƴan shekara 5 zuwa 6, suna da ƙarfin da za su matsa kunamar mafi yawan ƙananan bindigogi in sun haɗa yatsu biyu. Ɓoyo kuwa, duk wanda ya taɓa ɓoye sukari cikin gida ya san iyakarsa. A wani bincike na 2006 a jahar Alabama, cikin iyayen da suka ce ƴaƴansu ba su san inda bindiga take ba, wajen biyu cikin biyar ƴaƴan nasu suka ƙaryata su.

Dogaro da jan kunne kaɗai yana nufin ɗora wa mafi rauni a gida nauyin da mafi ƙarfi ya sauke. Magabata sun ce abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba. In haka ne, hangen na babba ne, alhakin rashin hangen ma nasa ne.

Hujjojin masu ƙin doka

Rashin adalci ne a ɗauka cewa masu adawa da dokar ajiya ba su damu da rayukan yara ba. Suna da hujjoji uku masu nauyi.

Ta farko ƴanci ne. Gyara na biyu na tsarin mulkin Amurka, wanda aka tabbatar a 1791, ya kare haƙƙin mallakar makami. A 2008, cikin shari'ar da aka sani da sunan Heller, kotun ƙoli, da rinjayen alƙalai 5 kan 4, ta ce haƙƙin na kowane ɗan ƙasa ne, ta kuma soke dokar birnin Washinton wadda ta tilasta a ajiye bindigar gida a kwance ko da kwaɗo a kunama, domin ta hana mutum kare kansa cikin gidansa. A ganin masu wannan ra'ayi, hukumar da ta isa ta ce wa magidanci ga inda zai ajiye abu cikin ɗakin kwanansa ta riga ta ƙetare zaure.

Ta biyu tsaro ne. Wanda ke zaune nesa da gari, inda ƴan sanda ba sa isowa sai bayan rabin sa'a, zai ce bindigar da ke kulle cikin akwati daidai take da sanda ranar da ɓarawo ya ɓalle ƙofa da tsakar dare. Shi domin ƴaƴansa ya saye ta.

Ta uku tausayi ne, kuma ita ce ta fi shiga rai. Uwar da ta rasa ɗa ta hannun ɗanta, wace kotu ce za ta yanke mata hukuncin da ya kai wanda take ciki? In aka ɗaure ta, yaron da ya rage ya rasa ƙanwa ya kuma rasa uwa. Wannan tunani ne ke sa masu gabatar da ƙara da yawa su rufe fayil. A 2017 kamfanin dillancin labarai na AP da jaridar USA Today sun duba mace-mace 152 na irin wannan harbi tsakanin 2014 da 2016, inda yaran ba su kai shekara 12 ba, suka ga wajen rabi ne kawai aka tuhumi wani. Laifi iri ɗaya, a wannan gunduma ɗauri, a waccan ta'aziyya.

Lokacin da aka aikata aikin

Hujja ta uku tana ɓoye wani abu da ya kamata a tono. Tana kallon lokacin da bindiga ta tashi, ta ga ba wanda ya nufi sharri, sai ta ce tsautsayi ne. Amma aikin babba ba a wannan lokaci ya faru ba. Ya faru ne da dare, ko makon jiya, ko bara, sa'ad da ya ɗura harsashi ya ajiye makamin gefen gado alhali ya san akwai mai rarrafe a gidan. A wannan lokacin yana cikin hankalinsa, ba mai tsananta masa, yana kuma da zaɓi.

Aristo, masanin falsafar Girka, ya taɓo wannan cikin littafinsa na ɗabi'a da ya shahara da sunan Nikomakus. Cikin misalan aikin da ba a yi da nufi ba ya kawo mutumin da ya so nuna yadda majaujawar yaƙi ke aiki sai ta kuɓuce masa. Amma ya ƙara da cewa akwai rashin sanin da ake hukunta mutum a kansa, wato wanda shi ya jawo wa kansa ta hanyar rashin kula, tun da kulawar tana hannunsa. Malaman fiƙihu sun bi hanya makamanciyar wannan. Cikin Muwaɗɗa, Imam Malik ya ɗora lamuni kan wanda ya haƙa rijiya a kan hanyar jama'a inda ba shi da izini, in wani ya faɗa. Haka kuma wanda ya sa yaro shiga rijiya ko hawan dabino, yaron ya halaka. Mai haƙar bai tura kowa ba, wataƙila ma yana barci sa'ad da abin ya faru, amma shi ya kafa sababin. A mazhabar kuma, abin da ƙaramin yaro ya yi ko da gangan, kuskure ake ƙirga shi. Dokar farar hula ta Faransa ta 1804, wadda ta Nijar ta samo asali daga gare ta, ita ma ta ɗora wa mutum alhakin ɓarnar da waɗanda ke ƙarƙashin kulawarsa suka yi, da ta abubuwan da ke hannunsa. Al'adu uku da ba su haɗa hanya ba sun tsaya wuri guda: wanda ya ajiye haɗari yana da hannu cikin abin da haɗarin ya haifa.

Sai dai akwai wani ƙulli. A ɗauki maƙwabta biyu. Kowanensu ya bar bindiga a ɗure cikin aljihun tebur. Ɗan na farko ya buɗe aljihun ranar Talata. Ɗan na biyu bai taɓa buɗewa ba har ya girma. Na farko ya zama abin nuni da yatsa, na biyu ya tsufa da mutuncinsa, har yana ba da shawara kan tarbiyya. Me ya bambanta su? Ba niyya ba, ba hali ba, ba aiki ba. Sa'a ce kurum. A 1976 masana falsafa biyu, Bernard Williams da Thomas Nagel, suka ba wannan matsala suna, wato sa'ar ɗabi'a. Nagel ya buga misali da direban da ya yi sakacin duba birki: in yaro ya faɗo hanya ya zama mai kisa, in bai faɗo ba sakacin ya wuce kamar ba a yi ba, alhali faɗowar yaron ba a hannun direban take ba.

Wannan ƙulli shi ne ke nuna inda ya kamata doka ta tsaya. Dokar da ba ta motsi sai an ga gawa tana hukunta rashin sa'a ne, tana kuma zuwa a ranar da hukunci ba shi da sauran amfani. Da-na-sani ƙeya ce. Dokar da ta ce ajiyar kanta ita ce laifin, ko an yi ɓarna ko ba a yi ba, tana daidaita maƙwabtan nan biyu, tana kuma magana da su tun ƴaƴansu na raye. Tarar da aka ci uba yau saboda bindigar da aka gani a sake ta fi masa rahama bisa ɗaurin da za a yi masa bayan jana'iza. Ke nan hujjar tausayi, in aka bi ta har ƙarshe, ba ta rushe dokar ajiya ba. Ta nuna ne cewa a matso da ita gaba.

Ƴancin wa, tsaron wa

Saura hujjar ƴanci da ta tsaro. John Stuart Mill, wanda masu kare ƴancin mutum ke yawan jingina da shi, ya kafa ƙa'ida a 1859 cewa hukuma ba ta da ikon tilasta wa baligi komi sai domin hana cutar da wani. Amma shi da kansa ya ce ƙa'idar ta manya ce, yara kuwa dole a kare su har daga ayyukan kansu. Baligin da ke zaune shi kaɗai, in ya kwana da bindiga a ɗure, ransa ya jefa cikin caca. Wanda ke da ɗan yaye, da ran wani yake caca, wanda ba a shawarce shi ba, ba ya zaɓe, ba ya iya ƙaura. Akwai kuma ɗan maƙwabci da ya shigo wasa, wanda iyayensa ba su sayi bindiga ba, ba su kuma san tana nan ba. Hans Jonas, cikin littafinsa na 1979 kan alhaki, ya ɗauki jariri a matsayin asalin misalin duk wani alhaki: kasancewarsa kaɗai, cikin rauninsa, kira ne ga wanda ke da iko a kansa. Haƙƙin mallaka da wajibin kulawa tare suke shiga gida. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

Ko hukuncin Heller bai rufe wannan ƙofa ba, domin alƙalan da suka yi rinjaye sun ambata cewa nazarinsu ba ya nufin soke dokokin ajiya da aka yi domin hana hatsari. Jahar Masacusets tun 1998 take da doka mai cewa duk bindigar da ba ta jikin mai ita ko ƙarƙashin ikonsa nan take, dole ta kasance a kulle, kuma babbar kotun jahar ta tabbatar da ita a 2013. Wannan tsari ya amsa wa mai tsoron ɓarawo: in yana farke makaminsa na jikinsa, ba mai hana shi, in ya ajiye, ya kulle. Akwai kuma ƙananan akwatunan ƙarfe da ke buɗewa da lambobi ko zanen yatsa cikin daƙiƙoƙi kaɗan. Gaskiya ne daƙiƙoƙin nan na iya yin tsada wata rana. Amma ana auna su ne da dukan sauran ranakun shekara, waɗanda ɓarawo bai zo ba, yaro kuwa yana nan kullum, yana buɗe duk abin da ke buɗuwa.

Abin da doka ta iya da abin da ba ta iya ba

Jahar Filorida ce ta fara kafa dokar hana yara kai wa ga bindiga, a 1989. Wajen rabin jahohi 50 sun bi sahu, kowace da irin tata: wasu sai an yi rauni ko mutuwa suke tuhuma, wasu tun daga ajiyar. Gwamnatin tarayya, a dokar 2005, ta tilasta wa dillali ya haɗa wa mai sayen ƙaramar bindiga da kwaɗo ko abin kullewa, amma ba ta tilasta wa mai sayen ya yi amfani da shi ba. Nazarin da aka buga a 1997 cikin mujallar ƙungiyar likitocin Amurka ya duba jahohi 12 masu irin wannan doka, ya ga mutuwar yara ƴan ƙasa da shekara 15 ta harbin da ba a nufa ba ta ragu da kashi 23 bisa ɗari. Cibiyar bincike ta RAND, wadda tun 2018 take tace nazarce-nazarce kan dokokin bindiga, ta sanya dokokin ajiya cikin ƴan kaɗan da ke da hujja mafi ƙarfi, wajen rage harbin da ba a nufa ba da kuma kashe kai tsakanin matasa.

Mai shakka zai ce: wa zai shiga ɗaki-ɗaki ya duba? Ba kowa, kuma bai kamata ba. Amma aikin doka bai tsaya ga ɗan sanda ba. Doka tana sauya abin da jama'a ke ɗauka daidai ne. Tana ba likitan yara bakin tambayar iyaye, tana ba uwa bakin tambayar maƙwabciya kafin ta bar ɗanta ya je wasa, tana ba matar gida hujja gaban mijinta. Amurka kanta ta san wannan hanya. A 1956 ta tilasta a ƙera firiji yadda za a iya buɗe shi daga ciki, saboda yaran da ke shiga wasan ɓuya su shaƙe. A 1970 ta tilasta a sa wa kwalaben magani murfin da yaro ba ya iya buɗewa, mutuwar yara ta shan magani ta ragu ƙwarai. Ba wanda ya tsaya kan cewa a ja wa yara kunne kurum. Abin mamaki shi ne hukumar kula da lafiyar kayan masarufi, da aka kafa a 1972, tana da iko kan kayan wasan yara, amma majalisa ta hana ta taɓa bindigar gaske. Alhali ƙira na da nata rabo: a bindiga mai sarrafa kanta, ko an zare gidan harsasai, ɗaya na iya zama cikin bututu, mutum ya ɗauka fanko ce. A 1991 ofishin binciken kuɗi na majalisar ƙasar ya ƙiyasta cewa wajen kashi 31 bisa ɗari na mace-macen harbin da ba a nufa ba za a iya kauce musu da abu biyu: makullin da ya fi ƙarfin yaro, da alamar da ke nuna akwai harsashi a ciki.

Kotuna ma sun fara motsi. A watan Janairu na 2023, a jahar Bajiniya, ɗan shekara 6 ya zo aji da bindigar uwarsa ya harbi malamarsa, wadda ta tsira da rauni. Aka yanke wa uwar ɗaurin shekara 2 bisa laifin sakaci da ɗa. A 2024, a jahar Mishigan, aka ɗaure uba da uwa shekara 10 zuwa 15 bisa kisa ba da niyya ba, saboda ɗansu ɗan shekara 15 ya kashe ɗalibai 4 a 2021 da bindigar da suka saya masa. Waɗannan hukunce-hukunce sun tabbatar da ƙa'idar, amma dukansu bayan jini suka zo. Kuma matuƙar tuhuma na rataye ga ra'ayin mai gabatar da ƙara, akwai fargabar ta fi sauka kan talakan da ba shi da lauya. Doka bayyananniya, mai sauƙin hukunci, wadda ta hau kan kowa tun kafin ɓarna, ta fi kusa da adalci bisa hukunci mai tsanani da ke faɗa wa wasu ya tsallake wasu.

Wanda ya rage

Cikin duk wannan muhawara akwai wanda ba a cika ambata ba, shi ne yaron da ya matsa kunama ya kuma rayu. Doka ba ta tuhumarsa, shari'a ta ɗauke masa alƙalami, kowa zai ce masa ba laifinsa ba ne. Amma zai girma, wata rana ya fahimci abin da hannunsa ya yi. Williams ya lura cewa wanda ɓarna ta biyo ta hannunsa ba da laifinsa ba yana jin wata irin nadama da ɗan kallo ba ya ji, kuma ba hujjar da ke goge ta. Babban da ya bar bindiga a sake ya jefa ran yaro ɗaya cikin haɗari, ya kuma ɗora wa ɗayan kayan da zai ɗauka har tsufa. Kalmar tsautsayi tana sanyaya zuciyar manya, amma ba ta sauke wa wannan yaro komi.

Yawan bindigogin gida da matsayinsu cikin tsarin mulki abu ne na Amurka, ba a kuma aro mata magani daga wata ƙasa kai tsaye. Amma tambayar da ke ƙasa ba ta da iyaka. Tana nan duk inda maharbi ya rataye bindigarsa a ɗure bayan ƙofa, duk inda mai kaki ya shigo gida da makamin aiki, duk inda rashin tsaro ya sa magidanci tunanin ajiye abin kare kai, kamar yadda ake gani a wasu ƙauyukan kan iyaka na jahar Maraɗi. Tana nan ma inda ba bindiga: maganin ƙwari cikin kwalbar lemo, fetur a kusurwar ɗaki, rijiyar da ba a ɗaga bakinta ba. In abin ya faru akan ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa, kuma a zaman makoki wannan magana tana da wurinta, domin mai kuka ba ya bukatar alƙali. Amma maganar da ta dace da ranar ta'aziyya ba ita ce ta dace da ranar ajiya ba. Ranar ajiya yaron yana raye, kwaɗo yana kasuwa, kuma babba yana da zaɓi.